Kafin Motar Nijeriya Ta Ƙetare Iyakar Maigatari

Tun daga shekarar 2000, lokacin da aka ba Jihar Jigawa izinin buɗe yankin ciniki marar haraji a Maigatari, a zamanin mulkin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, mutanen ƙasar Gumel suke sauraron ranar da wannan gari na bakin iyaka zai zama ƙofar da kayan masana'antun Nijeriya za su riƙa bi zuwa Jamhuriyar Nijar da ƙasashen da ke bayanta. Cikin kayan da akan ambata idan ana wannan zance har da motoci, domin Gwamnatin Tarayya ta sha bayyana burinta na ganin ana haɗa mota a ƙasar nan, a biya bukatar gida, sa'an nan a sayar wa maƙwabta. Buri ne mai kyau, babu mai ja da shi. Amma akwai wani sharaɗi guda wanda ba a cika jin sa a bakin masu jawabi ba, alhali kuwa idan babu shi, ko da an shimfiɗa kwalta an gina rumbuna, mota ba za ta wuce shingen kwastan da mutuncinta ba. Sharaɗin shi ne takardar shaidar ingancin mota, irin wadda hukumar wata ƙasa za ta gani ta yarda da ita.

Ya kamata ma'aikatan gwamnati da 'yan makaranta su fahimci wannan al'amari tun da wuri, gama su ne za su rubuta dokokinsa, su ne kuma za su tsaya a ɗakunan gwajinsa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

ABIN DA AKE NUFI DA AMINCEWA DA SAMFURI

Duk wanda ya san kasuwar dabbobi ta Maigatari, wadda take ci ranar Alhamis, ya san yadda ake cinikin sa. Mai saye yana duba haƙora, ya tattaɓa tozo, ya sa a kora dabbar ya ga tafiyarta. Abin da idonsa bai gani ba kuwa, akwai dillali da fatoma waɗanda za su tsaya masa, idan an sami matsala ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. To, mota ta fi ƙarfin irin wannan dubawa. Babu mai sayen da zai iya ganewa da ido ko birkinta zai kama idan ta ɗau zafi a gangara, ko ƙarfen ƙirjinta zai kare direba ranar karo, ko gilashinta zai farfashe ƙanana ko kuwa zai tsage ya yanka fasinja. Saboda haka ne ƙasashe suka kafa hukumomin da za su tsaya wa mai saye, wato su zama fatoman mota.

Yadda ake yi shi ne, kafin kamfani ya fara sayar da wani sabon samfurin mota, sai ya miƙa zanenta da bayanin kowane sashe nata ga hukuma, ya kuma ba da motoci na gwaji. Ɗakin gwaji wanda hukuma ta amince da shi zai auna birki da fitilu da taya da bel ɗin kujera da ƙarar inji da yawan gubar da ke fita cikin hayaƙi. Wasu motocin ma sai an kara su da bango da gangan, da gunkin mutum a ciki mai ɗauke da na'urori, don a ga irin raunin da ɗan Adam zai samu. Idan samfurin ya ci jarrabawa, sai a ba shi takardar amincewa. Daga nan kowace mota da ta fito daga masana'anta a kan wannan samfuri za ta fito da tata takardar, wadda kamfani ya sa wa hannu cewa ita da wadda aka gwada uwa ɗaya uba ɗaya suke. Hukuma kuma ba ta komawa barci. Tana aika masu bincike cikin masana'antar lokaci lokaci, don kada a nuna mata mota mai kyau ranar jarrabawa a riƙa sayar wa jama'a wata dabam.

Wannan aiki dabam yake da na ma'aikatan duba lafiyar mota da akan gani a bakin hanya. Su suna duba mota ɗaya ɗaya ne bayan ta tsufa a hannun mai ita. Amincewa da samfuri kuwa tun daga haihuwa ake yin ta, ita ce kuma ake tambaya idan mota za ta ƙetare iyaka don sayarwa.

YARJEJENIYAR JANIBA

Da kowace ƙasa za ta ce sai ta sake gwada kowace mota da kanta, da cinikin mota tsakanin ƙasashe ya gagara. Don kauce wa haka ne wasu ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Janiba cikin 1958, a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Gundarinta shi ne, idan ƙasa ɗaya cikin masu yarjejeniya ta gwada wani sashe na mota bisa ƙa'idar da aka yarda da ita ta ba shi takarda, sauran ƙasashen da suka karɓi wannan ƙa'ida wajibi ne su amince, ba tare da sake gwaji ba. Ƙa'idojin suna da lambobi: ta 13 ta shafi birki, ta 16 bel ɗin kujera, ta 30 taya, ta 43 gilashi, ta 94 karon gaba da gaba, ta 95 karon gefe, ta 22 kuwa hular kwanon masu babur. Yau sun haura 160.

Ɗan makarantar da ke son ganin wannan yarjejeniya da idonsa ba sai ya je Turai ba. Ya shiga tashar motar Gumel ya dubi kusurwar gilashin kowace mota, ko murfin fitilarta. Sau da yawa zai ga harafin E a cikin da'ira, da lamba a gefensa. Lambar tana nuna ƙasar da ta ba da takardar: 1 Jamus, 2 Faransa, 3 Italiya, 11 Ingila, 43 Japan, 47 Afirka ta Kudu, 62 Masar. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar cikin 2018, aka ba ta lamba 63. Wato ƙasar nan tana da ikon buga hatimin da ƙasashe fiye da 50 za su girmama. Abin tambaya shi ne, fitila nawa ko gilashi nawa mai karatu ya taɓa gani da wannan lamba? Sa hannu a takarda yana ba da izini ne kurum. Abin da ke mai da izinin ya zama ciniki shi ne ɗakin gwaji mai sahihin ma'auni, da ma'aikacin da ba a sayen sa hannunsa.

An yi wa yarjejeniyar gyara wanda ya fara aiki cikin 2017, gyaran kuwa ya zo wa ƙasashe masu tasowa da sauƙi biyu. Na farko, an buɗe hanyar ba wa mota sukutum takarda guda maimakon tarin takardun sassa. Na biyu, an yarda ƙasa ta ba da takarda bisa tsohon matakin wata ƙa'ida, don ƙasashen da suka ga wannan mataki ya ishe su. Ma'anar haka ita ce ba dole ne masana'antar Kaduna ta kai matakin Jamus ta yau ba kafin ta sami takardar da wata ƙasar Afirka za ta karɓa.

Amurka tana da nata tsarin dabam. Tun dokar da ta kafa cikin 1966, kamfani ne da kansa yake shaida cewa motarsa ta cika ƙa'ida, hukuma kuma ta sayi mota a kasuwa ta gwada, idan ta kama ƙarya ta ci tara mai tsanani ta sa a janye motocin. Irin wannan tsari sai ƙasar da kotunanta da hukumominta suke da haƙori. Tsarin Turai ma ba a ce ba ya da ɓaraka ba. Cikin 2015 aka gano kamfanin Volkswagen ya sa wa motocinsa masu shan gas, kimanin miliyan 11, wata dabara da take rage gubar hayaƙi idan ana gwaji, ta saki idan an hau hanya. Wannan abin kunya ne ya sa Tarayyar Turai ta tsaurara dokarta, sabuwar ta fara aiki cikin 2020. Darasin da ke ciki shi ne takarda ba ta fin amanar wanda ya ba da ita daraja.

ABIN DA TARIHI YA NUNA

Ƙasar Gumel ba baƙuwar cinikin ƙetare ba ce. Masarautar da Ɗan Juma ya kafa wajen 1750 ta yi zama a Tumbi, wadda yau take cikin Nijar, kafin a komo Gumel cikin 1845. Iyakar da Ingilishi da Faransawa suka shata ta ratsa tsakanin dangi ne, har yanzu kuwa mutanen Maigatari da Sule Tankarkar suna aure da ciniki da 'yan'uwansu na ƙasar Damagaram. Layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda aka gama cikin 1930, ya bi ta Gagarawa ya riƙa kwashe gyaɗa. Yau riɗi da zoɓorodo da ƙaro da dabbobi su ne dukiyar wannan yanki. Manoman wurin kuma sun san zafin rashin takarda, ko da ba a kan mota ba: cikin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a cikinsa. Wake bai rasa mai so ba, shaidar tsabta ya rasa.

A fannin mota ma ƙasar nan ta taɓa ɗaukar babban mataki saboda maƙwabta. Ran 2 ga Afrilu, 1972, a zamanin Janar Yakubu Gowon, Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu irin na Ingila ta koma dama. Babban dalili shi ne duk ƙasashen da suka kewaye ta, Nijar da Chadi da Kamaru da Dahomey, a dama suke tuƙi. Wannan shi ne daidaita ƙa'idar mota mafi girma da aka taɓa yi a ƙasar nan, an kuma yi shi cikin tsari, bayan an daɗe ana wayar da kan jama'a a rediyo da jarida. Saboda shi ne motar da aka haɗa a Kaduna take iya shiga Damagaram ba tare da an taɓa sitiyarinta ba.

Bayan haka sai masana'antu suka biyo. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa mota a Kaduna cikin 1975, Volkswagen a Ikko cikin wannan shekara, sa'an nan Steyr a Bauchi, Leyland a Badun, Mercedes a Inugu, da Fiat a Kano. Fijo 504 ta zama motar ma'aikacin gwamnati da ta ɗan haya baki ɗaya, ba a kuma daina haɗa ta a Kaduna ba sai 2006. To, amma a lura da abu ɗaya. Ingancin waɗannan motoci ya rataya ne a kan sunan iyayen kamfanonin da ke Turai. A can aka zana, a can aka gwada, a can aka ba da takarda. Ƙasar nan ta koyi ɗaure kusa da fesa fenti, ba ta gina hannun da zai auna ya shaida ba. Da tattalin arziki ya karye bayan 1986, darajar naira ta faɗi, motocin gwanjo na Kwatano suka cika kasuwa, sai masana'antun suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, ba su bar wata hukumar gwaji mai ƙarfi a baya ba.

Yanzu an sake yunƙuri. Kamfanin Innoson ya buɗe masana'anta a Nnewi cikin 2010, har ya sayar wa gwamnatin Saliyo motoci. An fito da shirin bunƙasa masana'antar mota cikin 2013, aka kafa hukumar NADDC cikin 2014 don ta jagorance shi, an kuma sabunta shirin cikin 2023. Kamfanin Dangote da Peugeot sun buɗe sabuwar masana'anta a Kaduna cikin 2022. Hukumar NADDC ta gina cibiyoyin gwaji uku, a Zariya da Inugu da Ikko. Kada a sake kuskuren farko, wato a raya wurin haɗawa a bar wurin aunawa ya yi ƙura.

SHINGE UKU A KAN HANYAR DAMAGARAM

Motar da za ta fita ta Maigatari tana da shinge uku a gabanta, kowane da irin takardarsa.

Na farko shi ne na lafiya da hayaƙi. Cikin 2020 ƙungiyar ECOWAS ta zartar cewa motocin da za a shigo da su ƙasashenta su kai matakin tsabtar hayaƙi na huɗu a ma'aunin Turai, man da za a sha kuma kada farar wutar da ke cikinsa ta wuce kashi 50 cikin miliyan. An haɗa biyun ne domin inji mai tsabta ba ya jure mai mai datti. Ta kuma sa iyakar shekaru ga motocin gwanjo, 5 ga ƙanana, 10 ga manya, tare da ba ƙasashe wa'adin shekara 10 su kai ga hakan. Dalilin wannan mataki a fili yake. Wani rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin gwanjo miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari kuwa Afirka suka nufo.

Na biyu shi ne na asali. Kafin a yafe wa kaya kuɗin fito a ƙarƙashin tsarin ECOWAS, sai an tabbatar a cikin yankin aka yi su, ɗaya daga cikin hanyoyin tabbatarwa kuwa ita ce darajar da aka ƙara musu a gida ta kai kashi 30 cikin ɗari. Motar da aka kawo a akwati, aka ɗaura mata taya da madubi a wata rumfa aka ce an haɗa, da wuya ta tsallake wannan ma'auni. A yarjejeniyar ciniki ta nahiyar Afirka ma, wadda Nijeriya ta sa wa hannu a Yamai cikin Yulin 2019, aka fara aiki da ita ran 1 ga Janairu, 2021, dokar asalin mota tana cikin waɗanda aka fi daɗewa ana ja-in-ja a kansu.

Na uku shi ne na siyasa, shi ne kuma mutanen Maigatari suka fi sani. An rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986. An hana shigo da mota ta kan tudu daga 1 ga Janairu, 2017. An sake rufe iyaka cikin Agustan 2019, sai Disamban 2020 aka buɗe ƙofofi huɗu, Maigatari tana cikinsu tare da Seme da Illela da Mfun. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, an sake rufewa har Maris na 2024. Ran 29 ga Janairu, 2025 kuwa, Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, daga baya suka sa harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da ke shigo musu daga waje. Saboda haka babu wanda zai dogara da inuwar ECOWAS kaɗai don sayar da mota a Nijar. Tilas a nemi wata igiya ta biyu wadda za ta riƙe ko da ta farko ta tsinke.

MASU JA DA WANNAN RA'AYI

Akwai masu cewa duk wannan tarkon Turawa ne, sun ƙirƙiro ƙa'idoji masu tsada don su hana ƙananan ƙasashe shiga kasuwa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin gwajin karo ɗaya yana cinye mota sukutum, kamfanin da ke haɗa 'yan ɗaruruwa a shekara kuwa zai ji nauyinsa fiye da mai haɗa miliyoyi. Amma a dubi wanda rashin ƙa'ida ya fi cuta. Cikin 2018 wata ƙungiyar gwajin motoci ta duniya, Global NCAP, ta gwada wata akori-kura ƙirar Nissan NP300 wadda ake sayarwa sabuwa a Afirka, ta ba ta sifiri a kan kare ran babban mutum. Cikin 2020 ta kara ta da tsohuwar 'yar'uwarta da aka yi don kasuwar Turai, tsohuwar ta fi sabuwar kare direbanta. Inda babu ƙa'ida, can ake kai abin da aka ƙi a wani wuri. Maroko da Afirka ta Kudu ba su tsaya kuka da tarko ba, sun koyi ƙa'idar. Masana'antar Renault ta Tanja da aka buɗe cikin 2012 Turai take sayar wa yawancin motocinta, Afirka ta Kudu kuma tana fitar da fiye da rabin abin da take haɗawa.

Akwai kuma masu cewa ai kasuwar Nijar ba ta tambayar takarda, abin da aka kai za a saya. Ko da haka ne a yau, ba zai dawwama ba. Kenya ta daɗe da hana shigar da motar da ta wuce shekara 8, tana kuma sa a duba motar tun a ƙasar da za ta taso. Nijar ma tana da hukumar ma'auni tata. Bayan haka, ba daidai ba ne ƙasar da ke kukan an mai da ita juji ta juya ta mai da maƙwabciyarta juji. Wanda zai hau motar da birkinta bai inganta ba a hanyar Damagaram, wataƙila ɗan'uwan wani ne a Sule Tankarkar. Idan kuwa mota guda mai tambarin Nijeriya ta yi mummunan suna a can, sai an yi shekaru ana wanke shi.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Da farko, Gwamnatin Tarayya ta fayyace a cikin doka hukuma guda wadda ita ce mai ba da takardar amincewa da samfuri. Hukumar ma'auni ta SON, wadda aka kafa tun 1971, da NADDC, da hukumar kiyaye haɗurra ta 1988, da kwastan, kowace tana da hannu a cikin sha'anin mota. Baƙon da ya zo saye yana bukatar ya san hatimi ɗaya da zai nema, mai masana'anta kuma kada a sa shi yawon ofis ofis yana biya sau huɗu a kan abu ɗaya.

Na biyu, a ba cibiyoyin gwaji na Zariya da Inugu da Ikko kuɗin aiki da wutar lantarki marar yankewa, a kuma kai su ga samun shaidar ƙwarewa ta duniya wadda ake ba ɗakunan gwaji. Ba lalle ne a fara da komai ba. A zaɓi 'yan ƙa'idoji kaɗan, kamar na birki da taya da gilashi da fitila da hular kwano, a ƙware a kansu. Gwajin karo mai tsada ana iya yin sa a wata ƙasa mai yarjejeniya kafin a gina na gida, domin amfanin yarjejeniyar ke nan.

Na uku, a yi amfani da Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa cikin 1971 take kuma da mazauni a Yamai. Ta girmi ECOWAS da shekara huɗu, ficewar Nijar kuma ba ta shafe ta ba. Ta nan ne ya dace hukumomin ma'auni na ƙasashen biyu su zauna su yarda da takardun juna, a rubuta su da Ingilishi da Faransanci, a kuma fassara wa 'yan kasuwa da Hausa, harshen da ake ciniki da shi a ɓangarorin biyu.

Na huɗu ya rataya a wuyan Gwamnatin Jihar Jigawa. Ba ta da ikon ba da takardar samfuri, amma tana da ikon samar da fili da gini a cikin yankin ciniki na Maigatari, inda za a kafa wurin duba mota na zamani, da na'urar auna birki da ta hayaƙi da sikeli, da kwamfutar da za ta binciki lambar shasi mai harafi 17 don a tabbatar motar ba ta sata ba ce. Duk motar da za ta fita don sayarwa, sabuwa ko tsohuwa, ta fita da takardar wannan wuri. Jihar kuma kada ta ɗora burinta a kan motar alfarma. Abin da yankin Lautai yake bukata, Damagaram ma take bukata, shi ne tirelar tarakta, da keke mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da bodin manyan motocin dakon shanu, da tankin ruwa. Maƙeran Gumel da Kano suna yin irinsu tun tuni da ido da gwaninta. Idan aka ba su zane tabbatacce, aka gwada samfuri ɗaya aka ba shi takarda, sana'arsu ta tashi daga ta bakin titi ta zama ta fitarwa waje.

Na biyar na 'yan makaranta ne. Kwalejojin fasaha na Kazaure da Dutse da Haɗeja suna yaye masu ilmin inji kowace shekara, yawancinsu kuwa ba su taɓa jin cewa auna mota da rubuta rahotonta sana'a ce mai zaman kanta ba. A sa wannan darasi cikin manhaja. Ɗalibin Kwalejin Ilmi ta Gumel da ya iya Faransanci shi ma yana da gurbi, domin kowace takarda da za ta ƙetare iyakar nan sai ta yi magana da harshe biyu.

Na ƙarshe kuma mafi nauyi, na ma'aikaci ne. Ranar da aka ji cewa ana sayen hatimin 63 da cin hanci, ranar ya mutu, ba kuwa za a iya tashinsa da jawabin minista ba. Ma'aikacin da ya sa hannu a kan birkin da bai auna ba ya sa hannu a kan jinin mutanen da bai sani ba. Wajibi ne a biya irin waɗannan ma'aikata albashin da zai tsare mutuncinsu, a kuma hukunta wanda ya ci amana a bainar jama'a.

Shekara 25 sun wuce tun da aka ba Maigatari izininta, shekarun da suka isa a haifi yaro ya gama jami'a. Ƙasar da ta iya sauya hannun tuƙin al'umma baki ɗaya a cikin kwana guda cikin 1972 ba za ta gaza kafa ɗakin gwaji mai gaskiya ba, idan shugabanni sun sa kansu. Wakilan Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a majalisun Dutse da Abuja su ne ya fi cancanta su fara ta da maganar, tun da ƙofar a ƙasarsu take. Allah ya sa a dace.